Dashen Malam Jatau a Filin Jirgi

Malam Jatau manomin fadama ne, kuma tun da yake bai taɓa yarda an kayar da shi a gardama ba. Da ya je Masar aikin ido, ana cire masa bandeji abin da ya fara cin karo da shi a bayan gari shi ne gonar sitiroberi, 'ya'yan jajawur sun kwanta a kan kunyoyi. Nan take ya bugo waya gida ya ce a tuge albasar bakin rafi kaf, ya samo abin da zai rufe bakin Gambo, maƙwabcinsa mai cika mutane da tinƙahon kabeji. Ya sayi dashe goma sha biyu da ƙasarsu da komai, ya jera su a kular abinci, ya rungumo ta har cikin jirgi. Ko gyangyaɗi bai yi ba, don kada wani ya zauna masa a kan arziki.

Da suka sauka a filin jirgin gida, sai jami'in duba lafiyar tsirrai ya tare shi, wani siririn mutum mai sanyin murya. Ya buɗe kula ya leƙa, ya nemi takardar izinin shigo da dashen da kuma shaidar lafiyarsu daga can. Malam Jatau bai yi wata-wata ba ya zaro katinsa na rigakafi ya miƙa. Ya ce ai tare suka kwana ɗaki ɗaya har mako guda, in da suna da wata cuta da tuni ya ɗauka, ga shi kuwa garau.

Jami'in ya mayar masa da katin cikin ladabi. Ya yi masa bayani cewa dashen da ba shi da takarda sai an tsare shi an bincika, ita kuwa ƙasar wata ƙasa ba ta shiga ko ƙwaya ɗaya, domin a cikinta ƙwari da cututtukan gona suke ɓuya. Malam Jatau ya tuna albasarsa da aka tuge, ya hango Gambo tsaye a kan iyaka yana yi wa fili fetal murmushi. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, sai tsohuwar ɗabi'a ta motsa.

Ya ɗaga ƙafa ya nuna tafin takalminsa, wanda jar laka ta bushe a jiki. "To ɗana, wannan fa? A cikin gonar na tako ta. Ita wa ya ba ta biza?"

Jami'in ya sunkuya ya duba da kyau, ya yi masa godiya, ya ce da kowane matafiyi zai riƙa taimaka musu haka da aiki ya yi sauƙi. Ya kawo leda ya sa takalman a ciki, ya ƙulle, ya ajiye su kusa da kula. Sabbi ne, a Masar ɗin aka saya.

Malam Jatau ya tsaya da safa a kan tayil mai sanyi, mutanen layi suna ta ƙunshe dariya. Mai hankali da a nan zai yi shiru, amma ban da shi. Ya gyara hula, ya daki ciki.

"Bari ka ji. Kafin in hau jirgi sai da na cinye kwano guda na 'ya'yan sitiroberin, da ƙananan irin da ke jikinsu duka. Yanzu haka irin yana nan cikina. Sai ka kawo babbar leda ka ƙulle ni."

Jami'in ya buga hatimi a takarda, ko kai bai ɗaga ba.

"A'a Baba, kai ka wuce abinka. Amma don Allah, kwana uku kada ka kewaya a gona."