Yadda Na Je Koya wa Kakata Tafiya

Ba zan taɓa mantawa da la'asar ɗin da na ɗaura ɗamarar koya wa kakata tafiya ba. E, tafiya dai, wadda ake yi da ƙafa. Ni ɗin da ko shagon bakin layinmu sai na yi shawara da zuciyata kafin in je.

Bari ku ji ko wace ce ni a lokacin. Ina aiki a wani biro, wato ofis, a unguwar Filato cikin Yamai, ina wuni kan kujera mai juyi, na'urar sanyi tana hura mini ƙeya. Da safe taksi ke ɗaukata a ƙofar gida, da yamma taksi ke dire ni. Amma a cikin ɗan littafin da nake rubuta waƙoƙina, kai, ni matafiya ce ta gaske. Na yi baitoci a kan sawuna a rairayin bakin kogi, da yadda iska ke wasa da gyalena ina takawa. (Duk ta tagar taksi na rubuta su, lokacin da cunkoso ya tsare mu a kan gada.)

Kaka kuwa, mahaifiyar mamata, ta haura saba'in. Tana zaune a unguwar Harobanda, a gidan da marigayi kakana ya gina mata tun zuwansu daga Dogonduci. Akwai mangwaron da ta dasa da hannunta, da awakinta biyu, da maƙwabtan da suka riga suka zama dangi. Babban ɗanta, Kawu Isufu, ya daɗe yana son ya ɗauke ta ya kai ta gidansa na bene, can tsallaken kogi. Ita kuma ko zancen ba ta son ji.

Sai ga wata ranar Alhamis jiri ya ɗan ɗebe ta, muka kai ta asibiti ni da Kawu. Lokotoro ya auna ta ya ce tansiyonta, wato jininta, ya ɗan hau. Ya rubuta magani, ya ce a rage gishiri, kuma ta riƙa taka ƙasa kullum ko na rabin awa ne. Sannan ya tambaye ta, "Hajiya, kina ɗan fita kuwa?"

"Ni? Ina za ni, ɗana? Ba na zuwa ko'ina."

Kawu ya dube ni da irin kallon nan na "kin dai ji da kunnenki." A mota ya yanke hukunci: ƙarshen wata Kaka za ta tattara ta koma gidansa, tunda zaman kaɗaici da rashin motsi za su gama da ita. Kaka ta sunkuya tana murza gefen mayafinta, kuma ban taɓa ganin ta yi ƙanƙanta haka ba. Nan zuciyata ta narke, bakina kuma ya riga hankalina.

"Kawu, ka bar mini ita. Ni zan riƙa sa ta sipor, tana motsa jiki. Ai ni kullum cikin tafiya nake." (Allah ya yafe mini.)

Ya ce, "To. Ranar Asabar kafin magariba zan zo. In ta iya zuwa ƙarshen layi ta dawo ba ta nemi wurin zama ba, na bar ta a gidanta. In ba haka ba, kada wanda ya sake yi mini magana."

Daga ranar na shiga shiri kamar mai zuwa gasa. Na karance duk abin da wayata ta nuna mini a kan tafiya da tsufa cikin ƙoshin lafiya. Na sayi takalman baske farare tas, ni ɗaya Kaka ɗaya, da gorar ruwa mai ruwan hoda. Ranar Asabar ɗin ma ban ci abin kirki ba, don na karanta cewa ciki mai nauyi ba ya son sipor. Niyyata in isa da la'asar mu ɗan gwada, kafin Kawu ya zo.

Na tarar da ita a gindin mangwaro tare da aminiyarta Hajiya Hamsa, wata 'yar siririyar tsohuwa Bazabarma. Tare suka yi shekaru suna zuwa Saga sayen shinkafa suna turarawa suna kaiwa kasuwa, tun ba a haifi mamata ba. Kullum bayan azahar takan zo hira.

"Fofo, 'yar lakkol!" in ji Hajiya Hamsa, wato sannu 'yar boko. "Yau kuma ƙwallo za ki buga?"

Na gaishe su, na durƙusa na ajiye wa Kaka takalmanta. Ta ɗaga ɗaya ta leƙa cikinsa, ta shinshina, ta mayar cikin kwali, ta jawo tsofaffin silifanta. Ban karaya ba. Na miƙe na yi musu lacca: za mu fara da minti goma, a hankali, a shaƙi iska ta hanci a fitar ta baki, kuma duk wadda ta gaji kada ta ji kunyar faɗa. (Ku riƙe wannan maganar, za mu dawo kanta.)

Kaka ta saurare ni har ƙarshe, sannan ta ce, "To madam lokotoro, na ji. Bari dai mu taka wa Hamsa, in mun dawo sai mu yi sipor ɗin naki."

A gidanmu rakiya daga falo zuwa ƙofa ce, a ɗaga hannu, a ce a gaida gida. Don haka na ce, ba laifi, ya zama ɗumama jiki.

Muka fita. Muka wuce ƙarshen layin da Kawu ya yi sharaɗi a kansa, ko kallonsa ba su yi ba. Muka wuce masallaci, muka tsallake gudron, titin kwalta, muka gangara cikin lambunan salati da kabeji. Tafiyar tsofaffin nan ba ta yi kama da sauri ba, silifa ne kawai ke cewa fat, fat a cikin yashi, sai dai ba ta da birki. Ko gaisuwa a tafe suke yin ta: a tambayi gida, a tambayi mai jiki, a tambayi jariri, har muryar mai amsawa ta ɓace a baya. Tsakaninsu kuma musu ne ya kaure, kan wace ce ta koya wa wata dambun zogale.

"Ke da kika zo Yamai ko kopto ba ki sani ba," in ji Hajiya Hamsa, tana nufin kwaɗon zogale.

"Ni? Hamsa ki ji tsoron Allah. Naki na farko da na ci, awaki na kai wa, suka juya mini baya."

Ni ina baya ina jin daɗin duniya. Gonakin shinkafa kore shar, balbelu jere kamar an shanya fararen kallabai, ga wani mai jirgi yana ratsa ruwa shiru. Har na ciro littafina na rubuta, "Ƙafata da ƙasa sun sake gaisawa." Ashe gaisuwar ba ta alheri ba ce. Sabon takalmi ya fara cizon dunduniyata ta dama, ba da jimawa ba ta hagu ma ta ce ba za a bar ta a baya ba.

Da muka isa ƙofar Hajiya Hamsa, can ƙarshen unguwa a bakin gonaki, na yi hamdala a zuci. Ta shiga ta kawo mana ruwan randa. Ina shirin neman dakali, sai na ga ta gyara lulluɓi ta jawo ƙofa.

"Hajiya, ina kuma za ki?"

"A'a, ku da kuka kawo ni har gida, in bar ku ku koma ku kaɗai? Mu je in taka muku."

Muka juyo. Musun dambu ya ƙare, aka shiga na shekarar da ruwa ya ci unguwa, ko kafin auren Kawu ne ko bayansa. Ni na daina ganin balbelu. Ruwan gorata ya ƙare, gyalena ya manne a wuya, ina shaƙar iska ta hanci da baki da duk inda ta samu hanya. Da na hango kan mangwaron Kaka daga nesa, wallahi sai da na ji ƙwalla.

A daidai bakin layi Kaka ta tsaya, ta dubi rana, ta dubi aminiyarta.

"Hamsa, yanzu duk doguwar hanyar nan ke ɗaya za ki koma? Ba a yi haka da ni ba. Mu je." Sai ta juyo gare ni. "Ke 'yar lakkol, shiga gida ki huta, na ga fuskarki ta yi kamar gasasshen dankali."

Jama'a, ga ƙofa a buɗe, ga inuwa, ga tabarma. Amma girman kai ya shaƙe ni. Na ce, "Ni? Haba Kaka, ni ce fa mai horar da ke."

"To, mai horo, bismilla."

Abin da na iya tunawa a zagaye na uku kaɗan ne. Na san mun kai kan tudun da ya raba gonaki da hanya. Na san na ga ƙasa tana lilo a hankali, har na ce a raina wannan ma abin waƙa ne. Na nemi in zauna a gefen tudun cikin mutunci, sai gefen ya ƙi ni, na zame sululu har ƙafafuna suka nutse cikin taɓon gonar shinkafa. Daga nan sai duhu.

Na farfaɗo na ga Kaka tana yi mini fifita da mayafi, Hajiya Hamsa tana yayyafa mini ruwa tana salati. Matan lambu sun ajiye bokitansu sun kewaye mu. Wata ta ce, "Hajiya, baƙuwa ce? Daga asibiti aka sallamo ta?"

Kaka ta ce, da muryar da har masu jirgi sai da suka ji, "Jikata ce. Tafiya ta zo koya mini."

Ban san dariya tana iya tashin tsuntsaye ba sai ranar.

Tsayuwa ta gagare ni, taksi kuma ba ya shiga nan. Allah ya kawo wani dattijo da amalanken jaki, ya yi lodin burgu, ciyawar kogin nan da ake kai wa dabbobi. Aka ciccibe ni aka ɗora a kan ciyawa. Dattijon ya ce Kaka ma ta hau, ta ce, "Don me? Ni lafiyata ƙalau." Ta tsamo takalmana da suka koma launin kunun kanwa, ta riƙe a hannu, ta kama hanya a gefen jaki. Hajiya Hamsa ma ta biyo mu, tunda a cewarta ba a barin mara lafiya ba rakiya.

Haka muka shigo layi: ni a kwance kan ciyawa, ƙafa duk taɓo, littafin waƙa a ƙirji, awakin unguwa suna bin mu suna fizgar katifata. Ina ɗaga kai sai ga motar Kawu a ƙofar gida, shi kuma yana tsaye yana duba agogo. Na rufe ido na yi kamar na sake suma. (Bai yi aiki ba. Wata akuya ta lashi tafin ƙafata, na yi ƙara.)

"Inna! Lafiya? Daga ina haka?"

"Ba daga ko'ina ba. Hamsa muka taka wa."

"Har ina?"

Mai amalanke ne ya amsa. "Alhaji, ai har bakin gonaki. Tsofaffin nan kullum sai na gamu da su, su je su dawo, su je su dawo. Jakina ma ya san su, in ya hango su da kansa yake kaucewa."

Kawu ya buɗe baki. "Kullum? To Inna, me ya sa kika ce wa lokotoro ba kya zuwa ko'ina?"

Kaka ta dube shi da mamaki na gaske. "Rakiya kuma har abin faɗa wa lokotoro ce?" Ta ajiye takalmana a ƙasa, ta karkaɗe hannu. "Isufu, in gwajin ka zo yi, a sauke ta mu yi sipor ɗin ka gani. Ba mu ma fara ba tukuna."

Kawu mutum ne da ba a cika ganin haƙoransa ba, amma ranar sai da ya dafa mota yana share hawaye. Da ya samu numfashi ya ce, "Inna, zauna gidanki. Ki dai sha maganinki, ki rage gishirin nan." Sannan ya nuna ni da makullin mota. "Wannan ce ya kamata in kai gidana in sa ido a kanta."

Bayan ya tafi, Kaka ta zaunar da ni gindin mangwaro, ta wanke mini ƙafa, tana shafa man kaɗanya a inda takalmi ya saɓule fata. Ba ta dube ni ba ta ce, ƙasa-ƙasa, "Na san don ni kika yi. Allah ya yi miki albarka." Kafin in gama jin daɗin maganar ta ƙara da cewa, "Amma gobe in za ki ceci wani, ki ci tuwo tukuna." Ta miƙe ta ɗauki mayafi. Hajiya Hamsa fa tana jira, kuma ba a barin baƙo ya koma shi kaɗai.

Yanzu kullum da yamma a bakin gada nake sauka daga taksi in taka sauran, kuma duk Asabar ina Harobanda cikin silifa. Na kai matsayin rakiya ɗaya da rabi ba tare da jaki ba. Har yau matan lambu in sun hango ni sai su ɗaga murya, "Sannu malamar tafiya!" ni kuma in ɗaga musu hannu kamar ba ni ba.

Darasin da na koya ba shi da tsawo. Kafin ka je koya wa tsohuwa yadda ake daɗewa a duniya, ka tuna ita ce ta daɗe, kai karantawa kawai ka yi. Kuma duk ranar da ka ji ta ce "bari mu ɗan taka mata," kada ka ɗaga ƙafa sai ka tambayi inda gidan yake.