Rasuwar Dutsen Washin Sadae a Cikin Randar Kabeji

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda har yanzu ba ta huce ba, Uwargida Sadae Kuramochi, mai shagon aski a bayan tashar jirgin ƙasa ta Tsuruoka, tana sanar da abokan ciniki da maƙwabta rasuwar dutsen da take wasa askarta da shi. An iske shi ranar Talata da safe cikin randar kabeji a barandar bayan gida, ya dare gida uku. Ba tsufa ne ajalinsa ba. Kashe shi aka yi, wanda ya kashe shin kuma yana nan cikin gidan yana cin shinkafa har da neman ƙari.

Marigayin ɗan asalin duwatsun Kyoto ne. Mahaifin Sadae, wanda ta gaji shagon a wurinsa, ya zaɓo shi tun tana 'yar makaranta. An jera masa manya-manya, ya tsallake su ya ɗauki wannan da bai wuce tafin hannu ba, domin bakin askar gargajiya bai fi yatsa tsawo ba, kuma a hannun hagu ake riƙe dutsenta don a ji tafiyar ƙarfen. Babban dutse na mai yankan kifi ne da masassaƙi.

Launinsa kamar kwanduwar ƙwai, abincinsa ɗigon ruwa. In aska ta dakushe ya ce "shuu, shuu", in ta fara kamawa ya koma "sss", in ta yi kaifi ya yi shiru, ya san aiki ya ƙare. Bai taɓa ba da shawarar da ba a tambaye shi ba. Bai kuma taɓa yin ritaya ya dawo gida yana taɓe-taɓen kayan mutane ba.

Jinyarsa ta fara ne da ritayar maigidan, Masaji, tsohon direban bas, wanda zaman banza ya sa ya tsiri tsima kabeji da gishiri. Sana'ar na son a danne kabejin da abu mai nauyi. Sadae ta tafi garin Sakata duba yayarta da ke kwance, shi kuma ya gwada duk duwatsun tsakar gida, suka ƙi shiga bakin randar. Sai ya shiga shago, ya buɗe akwatin katakon da bai taɓa buɗewa ba tun aurensu. Dutsen ya shige cif. Ruwan gishiri ya ratsa shi, sanyin hunturu ya daskarar da ruwan a cikinsa, ya tsage.

Da ta dawo ta tarar da akwati wayam, sai ta ce, "Maigida, ina dutsena?"

"Au, ɗan guntun nan? Yana waje yana aiki."

Ta tsamo gutsattsarin da hannunta, ganyen kabeji manne a jikinsu. Ya leƙo, ya sosa ƙeya, ya ce, "To ai dutse dutse ne. Ga su can birjik a bakin kogi."

Ta ce, "Namiji ma namiji ne. Ga su can birjik a bakin tasha."

Tun daga nan magana ba ta sake haɗa su ba.

Kafin Juma'a askar ta fara jan gashi. Amarya Chizuru, 'yar mai shagon taliya, ta zo a gyara mata fuska da ƙeya kamar yadda aka gyara wa mahaifiyarta a kujerar nan. Sadae ta gwada bakin askar a gashin hannunta, ta ajiye, ta sunkuya ta ba yarinyar haƙuri. Shagon da bai taɓa mayar da kowa ba tun zamanin mahaifin Sadae, ranar ya tura amarya wurin masu reza ta roba. Ramin da aka haƙo marigayin kuwa an daɗe da rufe shi, irinsa sai mai rabo.

Don ƙara gishiri a miki, Masaji ya dawo daga kantin kayan gini rungume da wani jibgegen dutsen kamfani mai kama da bulo, fuskarsa kamar yashi, irin wanda ake wasa gatari da shi. Ya dire a gabanta yana haki, ya ce, "Ga shi, ya ninka wancan sau biyar. Har jikoki sa gaje shi." Iyalan mamacin ba su karɓi wannan a matsayin diyya ba.

Marigayin ya rasu ya bar asake biyu marayu, da ƙanwarsa, wato 'yar tsakuwar da ake goga masa ya fitar da laka, da fatar lailaye bakin aska, da akwatinsa. Ya kuma bar Sadae, wadda hannunta na hagu ke buɗewa da kansa kowace safiya.

Ana sanar da maƙwabtan da Masaji ya aika wa kabeji cewa a ƙarƙashin gawa ya tsimu. Waɗanda suka riga suka yaba masa daɗinsa an san su, kada su wahalar da kansu zuwa gaisuwa.

Za a yi jana'iza ranar Lahadi da hantsi a gindin bishiyar bayan gida. Malamin haikalin unguwa zai kunna turare. Masaji ne zai haƙa kabari, duk da ƙasar ta daskare, kuma an roƙi kowa kada ya kama masa. Bayan an binne, zai hau kujera a yi masa gyaran gemunsa na Lahadi kamar yadda aka saba, da askar da aka wasa a kan dutsen da ya sayo. Ana gayyatar masu ta'aziyya su tsaya su shaida.

Ba a buƙatar furanni. Mai auduga ya taho da ita.