Yadda Ake Wallafa Damin Surukinka a Intanet

Mujallar turawa ta ce ba za ta buga bincikenka ba sai ka baza bayanan da ka tattara a intanet, kowa ya gani? Kwantar da hankalinka. Bi matakan nan, na yi maka alkawari sunanka zai zagaye Damagaram kafin ka kare kundin digirinka. Ni Rabi'u na gwada, har gidan surukaina an san aikina.

1. Tattara bayanai

Je Droum, garin surukanka, ka tambayi manoma ɗari biyu dami nawa na hatsi suka samu bana. Kowa zai ce maka "Alhamdulillahi". Manomin Damagaram ya fi son ka ƙirga haƙoransa da ka ƙirga abin da ke rumbunsa. Rubuta yadda aka faɗa.

2. Mayar da godiya lamba

Na'ura ba ta lissafa godiya, sai ka taimaka mata. Wanda ya faɗa yana murmushi, dami arba'in. Wanda ya tsaya tsakaninka da rumbu, tamanin. Wanda ya faɗa yana duban ƙasa, goma sha biyar, ka wuce da sauri. Idan ka zo kan surukinka, Malam Alkasum, kada ka dubi fuskarsa, rashin kunya ne. Ba shi ɗari da ashirin, don girmamawa.

3. Ja lokaci

Ka ce kuran, wato wutar lantarki, ya tafi, a Zinder ba mai musun wannan. Zai riƙe ka mako uku, har malamarka Madam Ramlatu ta ce ko bayanai ko a bakin digirinka.

4. Ɓoye sunaye

Masana sun ce a kare sirrin mutane, kuma gaskiyarsu. Goge "Alkasum", ka sa "Manomi 17". Amma ka bar sauran bayaninsa, don ilimi: ladan ne, gidansa na kallon rijiya, jakinsa kunne ɗaya. Sai ka ɗora a intanet. Wa zai gane?

5. Karɓi sakamako

Duk Droum za ta gane. Wani malamin lakwal, wato makarantar boko, zai karanta wa mutane daga wayarsa ranar kasuwa. Liman zai tuna wa surukinka zakkar dami goma sha biyu. Dangi daga Takiéta da Tirmini za su iso da amalanke da buhunan da ba kome ciki, har da waɗanda rabonsa da su tun yana saurayi. Shi kuwa goma sha tara ya noma, kuma kunya ba za ta bar shi ya faɗa ba.

Zai aiko a kira ka. Cire takalmi tun daga zaure, ka durƙusa. Ba zai ɗaga murya ba, abin da ya fi ciwo ke nan.

"Rabi'u," zai ce, "ƴata na ba ka, ban ba ka rumbuna ba. Ga baƙinka nan a waje. Tunda kai ka nome ɗari da ɗayan, tashi ka nuna musu inda ka ajiye."

Gargaɗi

Duk abin da ya same ka, babu hannuna, ko gaisuwa ban san ka ba. Masu tambaya ko matata ta dawo daga Droum kuwa: Alhamdulillahi. Ina duban ƙasa nake faɗa.