Mai Fitila Ya Hana Ni Barci

Jikana bai taɓa ɓoye ciwonsa ba: mayen masu suna ne. Tun yana firamare yake ɓata min bango da hotunan 'yan fim. Yanzu ya girma, wai shi darakta, har ya ari falona don ɗaukar fim ɗinsa na farko. Kwana uku ke nan ana jiran babban jarumin da ya gayyato, bai zo ba, kuma jibi masu kyamara za su kwashe kayansu su tafi wani aiki. Da hantsi na tsallake wayoyin da suka shimfiɗa min a tsakar ɗaki, na same shi yana ta latsa waya.

"Ina kwana, matata ta dole? Ashe yau ma kin tashi?"

"Na tashi, mijin aro. Sai na binne ka tukuna. Sauka min daga hannun kujera, ba ubanka ya saya ba."

"Ai kuwa shi ya saya."

"To ba don ka hau ba. Ina gwanin naka? Ko yau ma yana hanya?"

"Yana hanya."

"Tun shekaranjiya? Ko a bayan kunkuru ya taho, ai da ya iso."

"Tsohuwa, ba ki san manya ba. Mutumin nan ko tari ya yi a fim, sai an cika gidan kallo. Da shi na yi suna, ba shi na mutu."

"Allah ya jiƙanka. Wa zai gaji wannan hular taka mai kama da murfin tukunya?"

"Zan sake ki fa!"

"Da me ka aure ni? Kai da sadakinka alawa ce, ita ma ka tsotse rabi. Saurara, ƙaton kai. Ka sa mai fitila."

Mai fitila dattijo ne mai furfura, shi ke saita musu haske. Jiya, da aka rasa jarumi, shi aka tsayar a wurinsa don a gwada hasken, aka ba shi takarda ya karanta maganar uban da aka sallama daga aiki, yake ɓoye wa iyalinsa.

Jikana ya kwashe da dariya. "Mai fitila? Wa ya san shi? Ko matarsa sai ta duba sau biyu! Fuskar wa zan sa a hoton talla, taki? Yara su tsere?"

"Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Fuska tana kawo mutum bakin ƙofa, ban musa ba. Amma ba ita ke zaunar da shi ba."

"Ji mai ilimin fim! Ke da kan a gama rubuta sunaye a farkon fim kin yi barci. Finafinan jarumin nan nawa na kunna miki?"

"Tara."

"Nawa kika kai ƙarshe?"

"Ko ɗaya. Maganin barci ne mai kyau, na gode masa. Amma jiya fa?"

"Jiya me?"

"Da mai fitilar ya zo wurin da zai ce wa 'yarsa aiki lafiya, ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga, ya ƙi kallon ta. A takardarka ka rubuta haka?"

Ya jawo takardar ya duba. "Ban rubuta ba."

"Haka kakanka ya yi min shekarar da aka rufe ma'aikatarsu. Jiya ina kallonsa, shayina har ya huce ban sani ba. Kai kuwa kana waje kana roƙon jaruminka a waya."

"Ƙarya kike, gyangyaɗi kika yi, kika yi mafarki."

"Tambayi mai kyamara."

Mai kyamara ya ɗago daga ɗaurin igiya. "Wallahi, darakta, idonta biyu. Har zungurina ta yi da sanda, wai na tare mata."

Jikana ya dubi wayarsa, ya dubi dattijon da ke kan tsani yana juya fitila, bai ma san da shi ake ba.

"In fim ɗin nan ya faɗi, tsohuwa, a ɗakinki zan tare."

"Da can ina kake cin abinci?"

Dariya ta ƙwace masa. Ya jefa wayar a aljihu, ya jawo kujerar nan mai laushi da aka tanadar wa jarumi, wadda kwana uku ya hana kowa taɓawa, ya kakkaɓe ta da hularsa.

"Zauna, amarya. Kin ci. Baba mai fitila, sauko a gwada maka riga!"

Na zauna. Kujerar ta fi tawa daɗi, ban dai faɗa masa ba. Shi kuma ya tafa hannu, ma'aikatansa suka juyo.

"Ku saurara. Ranar da za a haska fim ɗin nan, ku zaunar min da ita a layin gaba. Kuma don Allah kada wanda ya mintsine ta. In ta yi barci, ina so in sani."