Rasuwar Doguwa, Sandar Golf ta Alhaji Mashud

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kafaɗar da har yanzu ba ta daina tsami ba, Alhaji Mashud, dillalin doya a Salaga, yana sanar da 'yan'uwa da abokan wasa rasuwar Doguwa, sandarsa ta golf mai kan katako. Ta cika ranar Lahadi da hantsi, a filin bayan kasuwar shanu, a bugun farko. Kanta ya rabe biyu. Rasuwar ta zo saura kwana shida a yi gasar 'yan kasuwar Salaga da Yendi da Bawku, inda Alhaji ya shekara bakwai yana riƙe da sunan Salaga.

Marigayiyar ta zo garin nan cikin dilar gwanjo daga Kumasi, tare da sandunan ƙarfe bakwai. An shaide ta da haƙuri. Ta hau bayan babur zuwa Bawku sau huɗu, ta sha rana a kan buhunan doya, ta taɓa korar akuya daga rumbu ba tare da ta ɗauki abin raini ba. A ranakun da take da lafiya takan ce "tau", a ji ta har mayanka.

Ciwon nata tsoho ne. Idan Alhaji ya buga da sandunan ƙarfe, ƙwallo kan tafi sak kamar an ja zare. Idan ya ɗauki Doguwa, ƙwallon kan fara hanya da ladabi, sai ya karkata dama ya sauka cikin garken shanu. Makiyaya sun san ta kafin su san mai ita.

An nemi magani. An kai ta Yendi wurin Awudu kafinta, ya fere mata fuska, ya buga mata ƙusa biyu. An naɗe mata mariƙi da robar taya. Ƙwallon ya ƙara nisa zuwa dama.

A watan jiya Razak na Bawku, ƙanen Hajia Zaliha matar Alhaji, ya karɓe ta ya buga sau ɗaya a gaban mutum tara. Ƙwallon ya tafi sak. Razak ya bayyana cewa sandar ƙarfe tana son ƙwallo a tsakiyar ƙafafu, a sare shi daga sama, ita kuwa mai kan katako tana son sa kusa da ƙafar hagu, a share shi kamar ana shara.

"Yaya, sandan nan ba shi da ciwo," in ji Razak. "Kai ne kana noma da shi."

Alhaji ya karɓe sandarsa ya mayar jaka. Mutum ne da ya girma da garma a hannu yana tara kunyar doya a gonar mahaifinsa, kuma bai ga dalilin da zai sa ƙanen matarsa ya koya masa ɗaga hannu ba. Sai da abokan wasansa na Salaga suka fara ambatar sunan Farouk mai shagon siminti a matsayin wanda zai tsaya musu bana, sannan ya fita shi kaɗai ya gwada shawarar. Ya matsar da ƙwallon zuwa ƙafar hagu. Hannuwan suka sauka inda suka saba, taƙi ɗaya kafin ƙwallon, a kan marmara. Kalmarta ta ƙarshe ita ce "ƙas".

Ta bar sandunan ƙarfe bakwai, dukansu lafiya lau, da 'yar gajeriyar da ake tura ƙwallo rami da ita, da jaka mai mataccen zif. Iyalan suna roƙon masu zuwa ta'aziyya kada su tambayi sanadi, musamman idan Razak yana zaune.

Za a binne kan nata gobe Talata bayan la'asar, a ramin da ita da kanta ta haƙa. Limamin unguwa ya ce ba da shi ba. Sauran jikin Hajia ta riga ta karɓe shi don kaɗo mangwaro. Za a karɓi gaisuwa a rumfar doya har zuwa Juma'a.

Motar Yendi, inda za a yi gasar, za ta tashi Asabar da safe. Masu sanda mai kan katako a Salaga mutum uku ne, duka sun zo sun yi ta'aziyya, kuma har zuwa rubuta wannan sanarwa babu wanda ya ce zai ara masa tasa.