Hulata a Zauren Majalisa

Ba zan taɓa mantawa da ranar da muka kai kukan kwalbatinmu majalisar dokokin jiha ba, kuma ko da na so in manta, mutanen garinmu ba su da niyyar taya ni. Mu huɗu ne muka je. Akwai Kawu Bawa, ƙanin mahaifiyata kuma shugaban manoman fadamarmu da ke kusa da Gulma. Akwai Malam Sahabi, amininsa tun ƙuruciya, wanda gonar albasarsa ke iyaka da tamu. Akwai Hajiya Kulu, yayar Malam Sahabi, mai turara shinkafa tana kaiwa kasuwar Argungu. Na huɗu ni ne, mai digiri a kimiyyar siyasa, wanda bai daɗe da dawowa daga bautar ƙasa ba, ɗauke da ilimi mai yawa da ba a taɓa gwada shi a ko'ina ba.

Matsalarmu ɗaya ce. Ambaliyar daminar da ta gabata ta cinye kwalbatin da ke kan hanyar da ta haɗa fadamarmu da babban titi. Da rani motoci suna gangarawa ta cikin busasshen rafi su wuce. Amma da zarar ruwa ya sauka, babu motar da za ta shigo da taki, babu wadda za ta fitar da albasar da aka adana ana jiran ta yi daraja. Sai dai ta ruɓe muna kallo. Ga shi hadari ya fara haɗuwa a gabas, majalisa kuma tana shirin tafiya hutu a ƙarshen makon.

Kawu da mutanensa sun riga sun sami ɗan majalisar mazaɓarmu a gidansa, ya kuma amince zai gabatar da ƙudiri a kan maganar. Ya ce idan muna so mu zo mu ji da kunnenmu, akwai wurin zaman baƙi. Ni aka zaɓa in zama tafinta, saboda yawancin muhawarar da Turanci ake yi. (Abin da aka ce ke nan, tafinta. Ni ne na ƙara wa kaina muƙamin jagora, malami kuma mai tsawatarwa.)

Kwana biyu kafin tafiya na tara su a zauren Kawu bayan la'asar, na yi musu darasi. Na ce ƙasarmu tarayya ce, kowane hawa na gwamnati da abin da tsarin mulki ya damƙa masa. Na ce a Abuja majalisa biyu ce, ta dattawa da ta wakilai, amma a jiha guda ɗaya ce tak, kowace mazaɓa ta aiko mutum ɗaya. Su ne ke zaɓar Kakaki da mataimakinsa daga cikinsu, akwai shugaban masu rinjaye da na marasa rinjaye, akwai akawun majalisa wanda shi ma'aikaci ne ba zaɓaɓɓe ba. Aikinsu yin doka, amincewa da kasafin kuɗi, da sa ido a kan ma'aikatu.

Kawu ya saurara har na kai aya, sannan ya ce, "Ɗana, mu dai kwalbati muka biɗa. Cikin waɗanga da ka lissafa, wa ka zuba siminti?"

Na ce, "Babu ko ɗaya, Kawu. Majalisa ba ta zuba siminti, tana sa a zuba."

"To, Allah shi sa su sa."

Daga nan na shiga abin da na fi ba muhimmanci, wato ladabin zama. Na ce a benen baƙi ba a magana, ba a tafi, ba a amsa waya. Wanda jama'a suka zaɓa shi kaɗai ke da baki a zauren. Na dubi Malam Sahabi musamman, domin shi idan yana raɗa a gonarsa ana ji a tamu, na sa ya yi mini alkawari har sau biyu. Hajiya Kulu ta gyara lulluɓinta ta ce, "Mun ji, malam ƙarami. Kai ma dai ka riƙe naka." Na yi murmushin wanda aka yi wa nasihar da ba ya buƙata.

Abin da ban faɗa musu ba shi ne, na rubuta jawabi mai shafi shida da Hausa tsantsa, babu kalmar aro ko ɗaya da zan iya kauce mata. Na san ba za a ba ni dama ba. Na sa shi a aljihu ne kawai, wai ko da.

Ranar muka yi sammako zuwa Birnin Kebbi. Na sa farar shadda da sabuwar hula zanna wadda na yi ta ajiya tun bikin kammala karatu. Aka bincike mu a ƙofa, aka hau da mu bene, muka zauna a layin gaba, daidai bakin ƙarfen da ake dafawa. Aka shigo da sandar majalisa, kowa ya miƙe, Kakaki ya zauna. Ni kuwa sai kallo nake yi, domin duk abin da na shekara huɗu ina karantawa ga shi a ƙasana yana motsi.

Da aka zo kanmu, ɗan majalisarmu ya tashi ya gabatar da ƙudirin, wani ya mara masa baya. Ina fassarawa a hankali. Sai wani ɗan majalisa daga wata mazaɓa ya nemi izini, ya ce yana tausaya wa manoman, amma a saninsa irin waɗannan ƙananan hanyoyi na ƙaramar hukuma ne, don haka a tabbatar maganar tana cikin hurumin jiha kafin a ɗauki mataki. Tambaya ce mai ma'ana, yau na yarda. A ranar kuwa ji na yi kamar an zuba albasarmu a rafi.

Malam Sahabi ya taɓo ni. "Wanga mi shika hwaɗi?"

Hankalina yana kan tambayar ɗan majalisar. Na san amsar tambayar, tana shafi na huɗu na jawabina: gwamnatin jiha ce ta gina hanyar, tsohon allon aikin yana nan a bakin titi har yau. Na ga ɗan majalisarmu yana tattara takardunsa, na ga kamar ya yi jinkiri. Na tuna hutu, na tuna hadari. Ban san lokacin da na miƙe ba.

"Ya mai girma Kakaki! Ina neman izinin yin gyara!"

Duk kawunan da ke ƙasa suka ɗago. Maimakon in zauna, sai na zaro jawabina, na sunkuya a kan ƙarfen domin muryata ta isa, na fara: "Kasancewar wannan hanya..." A nan hulata ta zame. Na kai hannu in cafe ta, takardun suka bi bayanta. Hular ta sauka a kan kafet, ta gangara a tsaye kamar taya, ta yi kewaye ɗaya, ta kwanta a tsakiyar zauren. Takardun kuwa suka sauko a natse, ɗaya bayan ɗaya.

Kakaki ya buga guduma. Wani daga ƙasa ya ce da Hausa, "Wace mazaɓa ce wannan a sama?" Dariya ta ɓarke. Jami'in tsaron zauren ya hauro, ya ce cikin ladabi, "Malam, bismillah." Ina wucewa na ga Malam Sahabi ya toshe bakinsa da hannu biyu, yana cika alkawarinsa.

Na fi awa guda a gindin dogonyaro a waje, kai babu hula, rana tana dukan ƙeyata ta tsakanin ganye. Ba kunyar ce ta fi damuna ba. Na tabbata na kashe ƙudirin, kuma duk albasar da za ta ruɓe a garinmu bana da bakina ta ruɓe. Na yanke shawarar idan haka ta faru zan bi 'yan majalisar gida gida in ba da haƙuri, ko zai ɗauke ni damina guda.

Suka fito, Kawu a gaba. Na tashi ban iya haɗa ido da shi ba.

"An miƙa ma kwamitin ayyuka," in ji shi. "Za su taho su gani kahin su tahi hutu."

Na ce, "Wa ya fassara muku?"

Hajiya Kulu ta ce, "Da ankai waje da tafinta, sai mutumenmu ya tashi ya yi maganar allon nan na bakin titi, har da hoto. Kawunka Bawa ya kai mai shi tun wancan mako. Da munka hito kuma ya yi muna bayani da bakinai." Wato amsar da na yi tsalle in bayar tana hannun wakilinmu tun kafin in rubuta shafi na ɗaya. Takardun da na ga yana tattarawa, hoton yake nema.

Bayan kwana biyu 'yan kwamitin suka zo har bakin rafin. Na so in ɓuya, Kawu ya ce ban isa ba. Shugaban kwamitin yana ganina ya gane ni. Ya ce, "A'a, abokin aikinmu na sama! To, a nan jama'a ke da baki. Muna saurare."

Ba ni da takarda. Na nuna ramin na ce, "Ranka ya daɗe, idan ruwa ya sauka mota ba ta wucewa, albasarmu kuma ba ta jira." Iyakar abin da na faɗa ke nan, kuma shi na ga sakataren kwamitin ya rubuta. Kafin ruwa ya kankama ma'aikatar ayyuka ta kawo manyan bututu da jar ƙasa, aka yi gyaran wucin gadi, albasa ta fita. Ginin dindindin muna nan muna bin sa, kuma ni ke rubuta takardun tunatarwa, kowace ba ta wuce rabin shafi.

Na koyi cewa idan ka aiki mutum ya yi magana a madadinka, to ka bari ya buɗe baki. Na kuma koyi cewa mai kafa wa mutane doka ya fara karanta wa kansa.

Hular ban koma nemanta ba. A garinmu yanzu, daga masallaci har fadama, Onarabul na Bene ake kirana, kuma Malam Sahabi yakan cire hularsa ya riƙe da kyau idan zai gaishe ni.

Abin da aka rasa: hula ɗaya, shafi shida, da sunana na yanka.