Ƙwayar Kaka da Shayin Alhaji

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na je gaida mahaifin Rabi a unguwar Asawase ba, ranar da son sani ya kusa raba ni da matar aure.

Lokacin ina karatun sinadarai a jami'a, kuma wani ɗan sinadari mai siffar zobe mai kusurwa biyar da ake kira furan ya hana ni sakat. Daga totuwar masara ake iya samo shi, amma ga shi cikin maganin ciwon mafitsara, ga danginsa cikin gubar ƙwarin gona. Har 'yar farar ƙwayar da Kaka ke sha don kumburin ƙafa tana ɗauke da shi. Kullum sai in zuba wa ƙafarta ido ina mamakin inda ruwan kumburin yake bi. (Amsar a fili take, ni ne dai kaina ya yi nisa.)

Da safiyar ranar sabon takalmina ya matse ni. Na ce tunda ƙwayar tana rage wa Kaka ƙafa, bari in gwada. Na haɗiye ɗaya na hau trotro, motar haya.

Alhaji, mahaifin Rabi, dillalin shanu ne, asalinsa Nijar. Rabi ta riga ta ja mini kunne: shayinsa zagaye uku ne, duk saurayin da ya tashi kafin na uku ya sallami kansa.

Muna kofin farko ya ce, "Yarona, wannan abin da manoma ke barbaɗawa a gona ya kashe mini saniya. Kai da ke makaranta, mene ne shi?"

Nan fa aka sosa mini inda ke ƙaiƙayi. Na shiga bayanin kabofuran, gubar ƙwarin nan, ina zana zoben da yatsa a kan tabarma, sai marata ta ɗaure. Na gyara zama. Na sake gyarawa. Alhaji kuwa ya ɗaga buta sama yana tsiyayo shayi, shuuu, daga kofi zuwa kofi, ba gaggawa. Wallahi ban taɓa tsanar wata ƙara kamar wannan ba.

Ana miƙo mini na biyu na zabura ba takalmi, na faɗa tsakar gida cike da mata, na tare mahaifiyar Rabi ko gaisuwa babu: "Hajiya, bayi! Ina bayi?"

Na dawo kaina a ƙasa, na riga na haƙura da Rabi. Alhaji ya daɗe yana kallona.

"Farar ƙaramar nan ka sha?"

Na gyaɗa kai.

"Ta wa?"

"Ta Kaka."

Ya yi dariya har da riƙe ciki. "Ei, kai jarumi ne paa! Ni ma likita ya ɗora ni a kanta. Matso kusa da ƙofa, saura kofi biyu."

An ba ni Rabi, amma har yau in na shiga gidan, yara nuna mini hanyar bayi suke fara yi. Tun ranar na bar wa kowa maganinsa, in takalmi ya matse ni kuma silifa nake sawa. Wancan takalmin ma, bayan duk wahalar, bai daina matse ni ba.